Gyara ƙashin bayan murɗe kafin ka sa ganye

"Maigida, hannuna ya fara sabawa da wuƙar zane, wadda muke yanka ado da ita a kan ƙarfe. In aka ba ni zanen wani, nakan yanke shi a kan tagulla ba tangarɗa. Amma da na ɗauki fensir zan zana murɗe nawa na kaina, wato adon nan mai naɗewa da ganye a jikinsa, sai ya fito a sandare, ganye ya cunkushe a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma fili fetal. Ta ina zan kama gyaran?"

Ɗana, ajiye maganar ganye tukuna. Kowane murɗe yana da layi guda da yake naɗewa kamar bayan katantanwa, shi muke kira ƙashin baya, kuma a jikinsa komai yake tsirowa. Idan wannan layin ya karkace, ko ganye ɗari ka jera masa ba za su rufa masa asiri ba. Cunkoson da kake gani a gefe ɗaya daga nan ya taso: tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye ta matse a wani wuri ta buɗe a wani, sai ganyen ya rasa mazauni.

Samu farar takarda da fensir mai ɗan tauri, H ko 2H, don kada ya yi dama-dama in kana gogewa. Zana murɗe mai faɗin santimita 5 zuwa 6, ka faro daga waje ka shiga ciki, zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, ka ƙare da ɗan dunƙule a tsakiya. Kada ka danna fensir, kada kuma ka ce sai ka ja shi da jan farko. Bi shi da gajerun ja marasa nauyi, kana juya takardar yadda hannunka zai riƙa bin lanƙwasar da ta fi masa sauƙi, sannan ka zaɓi layin da ya fi daɗin ido ka ƙarfafa shi, ka goge sauran. Tazarar zagayen ta riƙa raguwa sannu a hankali har tsakiya, ba ta yi tsalle ba.

Aibu uku za ka riƙa farauta. Akwai inda layin ke miƙewa na ɗan taƙi maimakon ya ci gaba da lanƙwasa, wannan yakan faru a daidai inda wuyan hannu ya kai iyakarsa. Akwai gwiwa, wato inda ja biyu suka haɗu ba su saje ba, aka sami ɗan kusurwa. Sai kuma murɗen da ya zama kamar ƙwai, tsawonsa ya fi faɗinsa. Idonka zai saba da kuskurenka cikin minti kaɗan har ya daina ganinsa, saboda haka ɗauki takardar ka kai gaban madubi, ko ka juya bayanta ka ɗaga ta ga haske. Abin da ya ɓuya zai fito sarai. Ka yi haka minti 20 zuwa 30 kullum, rabi masu naɗewa dama, rabi hagu. Kowa yana da gefen da hannunsa ke ƙi, wannan gefen za ka fi ba lokaci, domin a kan aiki dole su biyun su zauna kusa da juna.

In murɗe ɗaya ya zauna, sai ka koyi fitar da na biyu daga jikinsa. Reshen yakan bi uwarsa kafaɗa da kafaɗa na ɗan lokaci, sannan ya rabu da ita a hankali ya naɗe ta ɗaya gefen. Idan ya ɓalle a tsaye kamar an kafa ƙusa, ido zai tsaya cak a wurin. Ɗan ya fi uwar ƙanƙanta, kamar kashi biyu cikin ukunta, sai dai in filin ya buƙaci wani abu dabam.

Kada ka yi zane a sarari marar iyaka. Fara fitar da siffar abin da za a yi wa ado, ko ƙotar wuƙa ce ko bayan agogo, ka ja masa layin gefe. A ciki sai ka jera da'irori marasa nauyi masu taɓa layin gefen sama da ƙasa, babba a inda fili ya fi faɗi, ƙanana suna bin inda ya tsuke. Ka tsai da wuri guda da za a ce daga nan tsiron ya fito. Bayan haka ne za ka mai da kowace da'ira murɗe. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne yake isa ƙarshen fili ya tarar da lungun da ba abin da zai shiga.

Yanzu ganye. Duk ganyen da ke jikin ƙashin baya yana fuskantar inda murɗen ya dosa, daga tushe zuwa tsakiya. Ko guda ɗaya ya juya baya, zanen ya rikice. Na ciki su miƙa har bakinsu ya taɓa zagaye na gaba, suna ƙanƙancewa yadda tazarar ke ƙanƙancewa. Siffa biyu ko uku sun ishe ka a farko. Abin da ya fi siffar ganye muhimmanci shi ne ƴan guraben da ke tsakaninsu, waɗanda za a ƙwaƙule a baƙanta a kan ƙarfe. Cike su da fensir mai laushi, 2B, ka matsa baya ka ɗan runtse ido. Baƙin ya kamata ya watsu daidai ko'ina. Inda ka ga ya taru wuri ɗaya, akwai ramin da ke neman ganye, inda kuma babu shi sam, ka yi cunkoso. Ni na fi son baƙin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na filin.

Layukan inuwa su ne na ƙarshe. Suna farawa siri-siri wajen bakin ganye, suna kauri suna matsowa kusa da juna har su tattaru a gindinsa ko inda ya shige ƙarƙashin wani. Su bi lanƙwasar ganyen, ka kuma bar wani sashe fari don haske.

Game da kwaikwayo, ɗora takarda mai shara-shara a kan aikin magabata ka bi ƙashin bayan kaɗai, ka bar ganyen. Duba ƙananan murɗe na bindigogin Ingila, ka gwada su da manyan murɗe irin na Nimschke, wani gwanin zanen ƙarfe da ya yi aiki a New York a ƙarni na 19, za ka ga yadda kowane ya raba filinsa. Wannan karatu ne. Zanen mutum kuwa ba a yanka shi a sayar sai da izininsa.

Zana aikinka ya ninka girman ainihi sau 3 ko 4, sannan ka rage shi. Amma ka duba shi bayan ragewar, don ganyen da ya yi kyau a babba yakan zama ɗigon da wuƙa ba za ta iya shiga ba. Wajen mai da shi kan ƙarfe, goge maiƙo tas, shafa kakin zuma kaɗan ko farin fenti na ruwa, ka zana da fensir, sannan ka bi da tsinken ƙarfe a hankali don kada yatsa ya share. In da firinta mai leza za ka buga ka sauke shi kan ƙarfe da ruwan sinadarin asiton, juya hoton tukuna kamar yadda yake fitowa a madubi, in ba haka ba dama za ta koma hagu.

Idan takarda ta yi kyau amma ƙarfe ya fito da gwiwa, duba hannunka da wuƙarka. Hannun da ke riƙe da matsi, wato abin da ake damƙe ƙarfen a ciki, shi ke juyo aikin zuwa bakin wuƙa, ita wuƙar tana nan kusan wuri ɗaya. Wajen wasa wuƙar, fuska (gangaren gaban bakinta) digiri 45 da dunduniya (ɗan gangaren ƙarƙashin bakin) digiri 15 sun isa farawa. Dunduniyar kada ta wuce rabin milimita, domin doguwa takan ja a bayan yanka ta karce gefen layi a ƙananan lanƙwasa, musamman can wajen dunƙulen tsakiya.