Zana tsari kafin rubuta manhaja

Ɗan'uwa, ka ce wani ɗan kasuwar hatsi a nan Maraɗi ya ba ka aikin manhajar lissafin kaya, kana tambaya ko sai ka zana tsari tukuna. Zana mana, ko da Merise da aka koya mana, ko da UML da aka daidaita a 1997, duka biyun hanyoyin zana tsarin manhaja ne. Amma fara da wuni a shagon. Ni na taɓa zana komai da kilo, ashe da tiya da buhu suke awo, ga bashi, ga sefa ga naira. Sai da na rushe teburan bayanan duka. Kada ka cika zane-zane. Zanen kaya, na masu saye, da na bashi sun isa. Batun haraji kuwa, nemi akanta.