Kansila da kamfaninsa: mayar da hannun jari sunan mai ɗaki ba ya raba ka da doka

Tambaya: Barista, wata biyar ke nan da aka rantsar da ni kansila. Tun kafin in shiga siyasa ni da ƙanena muke da kamfanin gine-gine, rabi da rabi, kuma har yau sunana na nan a matsayin darakta. Ƙaramar hukumarmu za ta ba da kwangilar gyaran azuzuwan firamare, ƙanena yana son kamfanin ya nema. Wasu sun ce in mayar da kasona sunan mai ɗakina, magana ta ƙare. Haka ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, ba haka ba ne, kuma wannan shawarar ita ce za ta fi saurin jefa ka cikin matsala.

Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata suna cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Kashi na biyu na jadawalin ya jero waɗanda ƙa'idojin suka hau kansu, kuma shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatanta duk suna ciki. Sakin layi na 1 na kashi na farko ya hana jami'i ya sa kansa a matsayin da buƙatarsa ta ƙashin kai za ta ci karo da aikin da aka ɗora masa. Ka lura, ba a ce sai ya ci kuɗi ba. Zaman da za ka yi a majalisar da ke amincewa da kasafin aikin, alhali kamfaninka na cikin masu nema, shi kansa ya isa a tuhume ka.

Dabarar sa sunan mai ɗaki kuwa, masu rubuta kundin sun riga sun hango ta. Sakin layi na 13 ya ce duk abin da aka hana jami'i, idan ya aikata shi ta hannun wakili ko amintacce ko wanda ya ara masa suna, to kamar shi ya aikata da hannunsa. Mai bincike ba ya wahala a nan. Zai nemi bayanan kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya ga ranar da aka sauya sunan, ya ɗora ta kusa da ranar da aka tallata kwangilar. Sai ya nemi takardar banki, ya ga wa ke sa hannu a asusun, da inda kuɗi suka nufa bayan biyan farko. Sauyin da aka yi mako biyu kafin neman kwangila shaida ce a kanka, domin ya nuna ka san akwai matsala ka yi ƙoƙarin rufe ta.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Sakin layi na 2 ya hana jami'in da ke aikin cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Mallakar hannun jari daban, gudanarwa daban, kuma kujerar darakta gudanarwa ce. Idan dokar ƙananan hukumomi ta jiharka ta ɗauki kansila a matsayin mai aikin cikakken lokaci, tun ranar rantsuwa ya kamata ka ajiye kujerar darakta, ko da kwangila ko babu.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Ana kai ƙorafi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ita kuma ta tura Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Kotun na iya sauke ka daga kujera, ta hana ka riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis. Kana da damar ɗaukaka ƙara, amma afuwar gwamna ko ta shugaban ƙasa ba ta shafi wannan hukunci. Ban da haka ga dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, ta shekarar 2000. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ba zaɓin tara ga jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa fifikon da bai dace ba. Ka ga ko ka fita daga kamfanin gaba ɗaya, ƙanenka na nan a matsayin ɗan'uwa. Sashe na 12 kuma ɗaurin shekara 7 ne ga ma'aikacin da ya riƙe wani kaso, kai tsaye ko a fakaice, a kwangilar da ta fito daga ofishinsa. Lauya zai iya gardamar cewa zaɓaɓɓe ba ɗaukarsa aiki aka yi ba, amma ba zan so ka jingina 'yancinka a kan wannan gardamar ba.

Shawarata ita ce kamfanin ya haƙura da kwangilar wannan ƙaramar hukumar muddin kana kan kujera. Ƙanenka na iya neman aiki a wasu wuraren da ba ka da ta cewa. Kai kuma ka rubuta takardar ajiye kujerar darakta, a shigar da ita CAC, a cire sunanka daga masu sa hannu a banki, ka adana kwafin kowacce mai ɗauke da hatimi da kwanan wata.

Idan ƙanenka ya dage sai ya nema, to sai ka sayar da kasonka sayarwa ta gaskiya, da farashi da shaidar biya ta banki, ga wanda ba a ƙarƙashinka yake ba. Sannan ka rubuta wa shugaban majalisar kansiloli da sakataren ƙaramar hukuma cewa ɗan'uwanka na cikin masu nema. Duk zaman da za a taɓo aikin ka tashi ka fita kafin a fara muhawara, ka tabbatar akawun majalisa ya rubuta fitarka a bayanan zaman. Yin shiru a kujera ba ya wadatarwa. Kada ka kira injiniyan ƙaramar hukuma ko wani ɗan kwamitin bayar da kwangila a waya, ko da tambayar ina aka kwana ce. Wannan hanyar tana rage haɗari, ba ta kawar da shi. Ka kuma sa lauya ya duba maka dokar bayar da kwangila ta jiharka, domin ta tarayya ta 2007 ba ita ke tafiyar da kowane aikin ƙaramar hukuma ba.

Ka koma ga fom ɗin bayyana kadarori da ka cike lokacin kama aiki. Idan kasonka na kamfanin bai fito a ciki ba, ka rubuta wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ka gyara tun kafin wani ya kai ƙorafi, domin bayanin da aka tabbatar ƙarya ne laifi ne mai zaman kansa a sakin layi na 11.