Sassaƙen Madaci Yana Fitar da Tsila a Cikin Tumaki?

Tambaya: Ina kiwon tumaki a Rigachikun. Tun shigar damina nake ganin fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashin 'yan ƙanana, kuma sai ramewa suke. Na yi musu allurar ivermectin, ba canji. Wani dattijo ya ce in jiƙa sassaƙen madaci in ɗura musu. Zai yi?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a kiwo. Abin da kake gani gaɓoɓin tsila ne, wadda likitoci ke kira Moniezia. Tana zama a ƙaramin hanji, tsawonta kan wuce mita 4. Dabba na ɗaukarta ne idan ta haɗiye wasu ƙananan ƙwari da ke cikin ciyawa, shi ya sa ta fi yawa da damina, ta kuma fi damun 'yan ƙasa da wata 6. Allurarka ba ta lalace ba, ivermectin ne ba ya taɓa tsila sam.

Dattijon nan ba daga kansa ya faɗa ba. Makiyaya sun daɗe suna ba dabbobi madaci, da marke, da shuwaka saboda tsutsar ciki, kuma masana sun gwada su sun ga suna rage ta. Sai dai yawancin gwajin a kan zagayayyun tsutsotsi aka yi, ba a kan tsila ba. Wanda aka fi sani da tsila tun da can shi ne 'ya'yan kabewa, a daka ɗanye a gauraya da dusa. Yana kashe mata jiki ne ta saki hanji, amma idan kanta ya tsaya a manne, sai ta sake tsiro.

Inda nake jin tsoro shi ne awo. Ƙarfin sassaƙe ya danganta da bishiyar da daɗewar jiƙon, kuma ɗan tunkiyar da ya rame ba ya jure ɗaci mai yawa, zawo zai ƙaru. A ganina, ga waɗanda suka riga suka rame, ka ɗura musu albendazole ko praziquantel daidai da nauyinsu. Kada a ba tunkiya albendazole a farkon ciki, yana illata ɗan tayi.

Ka kuma ja fatar idonsu ta ƙasa ka duba. Idan ta yi fari fat, ko ka ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, to akwai tsutsa mai shan jini, kuma ita ta fi tsila kisa nesa ba kusa ba. Ka ɗebi sabon kashi a leda ka kai asibitin dabbobi mafi kusa, ko na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a duba.

In kuna da kare, a daina jefa masa ɗanyen kai ko kayan ciki. Wata tsilar kare ce ke sa tunkiya ta riƙa juyi a wuri ɗaya, don tana yin ƙulli a ƙwaƙwalwa, kuma wannan babu saiwar da ke kaiwa gare shi.