Wace Kujera Ta Dace da Kallon Taurari da Madubin Hangen Nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da madubin hangen nesa samfurin Dobson (babban bututu da ke zaune a kan gindi mai juyawa a ƙasa) mai faɗin inci 8, ina kallon taurari da shi a gonarmu da ke bayan garin Kano. Zama ne matsalata. In na tsaya sai na duƙa, in na zauna a farar kujerar roba kuwa, wani lokaci ido ya kai, wani lokaci sai na yi ɗage ko na sunkuya. Kafin minti 30 ƙugu da wuya sun riƙe. Na ga kujeru masu naɗewa a intanet waɗanda ake ɗaga mazauninsu a sauke, amma kuɗinsu da na kawowa ba kaɗan ba ne. Wace iri zan nema? Ko kafinta ko mai walda zai iya yi mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka duba farashi, ɗauko tef ɗin awo. Kujerar kallo ba a zaɓenta da kyan hoto, tsawon maleƙar madubinka ne ke faɗa maka wadda za ka saya. Maleƙa ita ce ɗan gilashin da kake ɗora ido a kai, kuma a samfurin Dobson tana can kusa da bakin bututu, saboda haka duk inda bakin ya nufa sai ta bi shi.

Awo uku za ka yi. Ka miƙar da bututun ya kalli tsakiyar sama, ka auna daga ƙasa zuwa maleƙa. Ka kwantar da shi ya kusa kallon inda sama ta haɗu da ƙasa, ka sake aunawa. Sannan ka zauna a benci mai tauri, ka ɗan karkato gaba yadda kake yi in kana leƙe, wani ya auna maka daga saman bencin zuwa idonka. A yawancin manya wannan yakan faɗa tsakanin santimita 70 da 80. Ka cire shi daga tsawon maleƙa, abin da ya rage shi ne tsawon mazaunin da kake bukata.

Ga misali da irin madubinka. Yawancin masu inci 8 nisan tattara haskensu milimita 1200 ne, maleƙarsu takan kai wajen santimita 120 in an miƙe bututu, ta sauko wajen 75 in an kwantar da shi. Idan idonka na santimita 74 daga mazauni, a miƙe kana bukatar kujera mai tsawon 46. A kwance lissafi zai ce ka zauna a ƙasa, amma da yake maleƙar na fuskantar sama a karkace, daga bisa ake leƙa ta, mazauni mai santimita 20 zuwa 25 ya wadatar. Ke nan abin da kake nema shi ne kujerar da ke tafiya daga wajen 20 zuwa 55. Doguwar da ke kai santimita 80 ko 90 an yi ta ne don madubi mai inci 12 ko sama, wanda maleƙarsa ke kai wajen santimita 150 ko fiye. Ba sai ka biya kuɗin tsawon da ba za ka hau ba, sai dai in kana da niyyar ƙara girman madubi, ko yara na kallo tare da kai. Yaro ya fi babba bukatar mazauni mai bisa, tunda gangar jikinsa gajere ce.

Akwai abin da ya shafe ka a Kano wanda masu rubuta shawarwari daga Turai ba sa lissafawa. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka wata da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) sukan bi ta can sama, sau da yawa kusa da tsakiyar kai. Kaza da 'Ya'yanta ma takan kai digiri 78 in ta cika tashi. Rabin darenka bututu a miƙe zai kasance, to mazaunin ya zama mai ƙarfi da daɗi a tsakanin santimita 40 da 50. Ƙasa-ƙasa kuwa sai don neman jinjirin wata da Zara bayan magariba, da taurarin kudu da ba sa tashi sosai. Wanda ke da madubi irin mai gilashi a gaba, da ake ɗorawa kan ƙafa uku, nasa akasin naka ne: maleƙarsa na gindin bututu, in ya kalli tsakiyar sama sai ta sauko kusa da gwiwa. Shi ƙarancin tsawon kujera ya kamata ya fara tambaya.

Kada ka ɗauka batun ciwon baya ne kawai. In ka sa maleƙa mai nisan tattara haske milimita 6 a madubinka, girman abu ya ninka sau 200, hasken da ke fitowa zuwa idonka faɗinsa milimita 1 ne rak. Mutum a tsaye, balle a duƙe, kansa ba ya daina rawa, hasken na shiga ƙwayar ido yana fita. Ga shi a wannan girman Mushtari kan ratsa filin kallo cikin kusan minti ɗaya, dole kana tura bututu da hannu kana binsa. Zanen jikinsa kuma ba ya fitowa sai iska ta lafa na daƙiƙa biyu ko uku, wanda ya jure minti 10 ido na kan maleƙa shi ke kama wannan. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke cewa zama kamar ƙara faɗin madubi ne.

Yanzu ga abin da ya fi raba kujerun, wato yadda mazauni ke kama jikin kujera.

Iri na farko nauyinka ne ke kulle shi. Mazaunin na zamewa a kan sanduna biyu, ka ɗaga gabansa ya saki, ka kai shi inda kake so, ka sake shi, in ka zauna sai ya ciji sandunan ta hanyar roba. Kujerar Starbound da ake yi wa talla haka take, tana tafiya daga kusan santimita 23 zuwa 81. Haka ma tsarin katako da ake kira kujerar Denver, wanda masu kallon taurari na birnin Denver a Amurka suka yaɗa don kowa ya haɗa da kansa. Daɗinsa shi ne babu mataki, ko santimita ɗaya kake so za ka samu, da hannu ɗaya, cikin duhu. Aibinsa kuwa duk a roba yake. Ƙurar hunturu in ta kwanta a sanduna, ko raɓa ta jiƙa su a ƙarshen damina, cizon kan ragu, mazauni ya sulale da mutum. Zafin rana kuma na busar da robar ta yi santsi. Sannan in ka jawo kujerar ta bakin mazauni, ko ɗuwawun rigarka ya ɗago shi kana tashi, sai ya faɗi ƙasa ba ka sani ba, ka koma zama a inda babu komai. Mai irin wannan ya riƙa goge sandunan da ɗanyen tsumma kafin fita, kada ya taɓa sa musu mai, kuma ya dafa mazauni da hannu kafin ya sake nauyinsa.

Iri na biyu mai haƙora ne ko matakai: an yanka gurabe a bayan sandar, ƙarfen da ke bayan mazauni na faɗawa ciki. Na uku mai huji ne, ana zura fil. Duka biyun ba ruwansu da ƙura. Ga gona a lokacin hunturu, mai haƙora na fi ba ka shawara. Ka dai duba tazarar guraben. Santimita 5 daidai ne, bayanka zai cike gibin ba tare da ka ji ba. In ta kai 10, za ka koma gidan jiya, wannan gurbi ya yi ƙasa, na gaba ya yi sama. Mai fil yana da ƙarfi amma neman huji cikin duhu akwai cin rai, fil ɗin kuma in bai da igiya a ɗaure, ranar da ya faɗa yashi an rabu.

Kujerar ofis mai iska ka manta da ita. Tafiyarta ba ta wuce santimita 10 zuwa 12, tayoyinta na nutsewa. Ta masu kiɗan ganga ta zamani na da ƙarfi, tana juyawa, sai dai ba ta sauka ƙasa da wajen santimita 45.

Bayan makulli sai gindi. Kujerar da ke buɗewa kamar tsani ba ta cika faɗuwa baya ba, gefe da gaba take kifewa, domin kai kullum a karkace kake wajen bututu. Sandar da ke kwance a ƙasan gaba ta kai faɗin santimita 55 zuwa 60, kuma bakin mazauni kada ya zarce ta sosai in an saukar da shi. Ƙafafu masu tsini na nutsewa a yashi, ɗaya ta riga ɗaya. A sa musu faffaɗan tafi. Lallai a sami sarƙa ko ƙarfe mai ƙugiya da ke haɗa ƙafar gaba da ta baya, shi ke hana kujera tsagewa. In mazauni zai wuce santimita 55 sai da matakin ɗora ƙafa, in ba haka ba bakinsa zai danne cinya, ƙafa ta yi sanyi. Hannun kujera ba shi da amfani a nan, karo da bututu kawai yake yi, yana hana ka matsowa. Da shi da mazaunin da ya kwanta baya su ne laifin farar kujerarka, tsawonta kam bai yi nisa da abin da kake bukata a miƙe ba. Jingina ma ba ta dame ka ba, mai leƙe ba ya jingina.

Kafinta zai iya, mai walda ma haka, muddin ka kai musu zane da awo. Na katako: tu-bai-fo busasshe marar ƙulli guda biyu, na gaba santimita 90, na baya ya ɗan gaza, a haɗa su a sama da hinjin ƙofa mai kauri. In an buɗe, na gaba ya jingina wajen digiri 65 zuwa 70 daga ƙasa. Mazauni falanki mai kaurin milimita 18, faɗi santimita 33, zurfi santimita 25, a kan hannuwa biyu da suka rungumi sandar, da bol mai milimita 10 a baya wanda zai riƙa faɗawa gurbi. Zurfin gurbi santimita 1.5 ya isa, in an zurfafa sandar ta raunana. A ɗan ɗaga gaban mazaunin kaɗan lokacin haɗawa, don in an zauna yakan sunkuya. Ɗanyen katako shi ne babban abin gudu: zai bushe ya murɗe, mazauni ya riƙa cijewa a tsakiya. Na ƙarfe: fayif mai kusurwa huɗu, milimita 25, kauri kada ya gaza 1.5, a walda guntayen rodi a baya a matsayin haƙora. Ka ce wa mai walda ya goge duk wani kaifi, domin a duhu za ka riƙa laluben wurin da yatsa. Soso mai tauri santimita 4 zuwa 5 ya fi mai laushi, wanda ke lotsawa ya ɓata maka awo, a rufe shi da leda mai kauri saboda raɓa. Nauyin duka kada ya wuce kilo 7 ko 8, tunda ga bututu ga gindinsa za ka ɗauka. Kafin ka biya, ka kai mazauni can sama ka zauna, ka karkata hagu da dama, ka miƙa hannu gaba kamar kana tura bututu. Ka saukar da shi ƙasa ka maimaita.

In kuɗi bai kama ba tukuna, ka sa a haɗa maka akwatin falanki mai awo santimita 25 da 35 da 45. Kowane gefe ka kifa ya ba ka tsawo daban, babu abin da zai zame ko ya karye. Ka haɗa da kujera 'yar tsugunne ta tsakar gida don jinjirin wata, sun rufe kusan duk abin da inci 8 ke bukata. Akwatin dai ba ya naɗewa, kuma in ya kwana a gona ka haska cikinsa da tocila kafin ka sa hannu, kunama na son irin wannan wuri. Ka shafa farin fenti a gefen mazauni da ƙafafu, ko wace kujera ka ƙare da ita, don ka gan ta ba tare da kunna farar fitila ba. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya mayar da kai farko.