Ba ƙarewar basira ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko basira ce ta ƙare wa ƙungiyar mawaƙan nan ta Rolling Stones har suka cika faifansu na 2016 da waƙoƙin wasu. A'a, tushe suka koma. Da suka kafu a Landan a 1962, waƙoƙin baƙaƙen Amurka irin su Jimmy Reed suke rerawa, kafin biyu daga cikinsu, Mick Jagger da Keith Richards, su fara rubuta nasu.

Sharaɗin rera waƙar wani ɗaya ne: a sa sunan marubucin waƙar, kuɗin haƙƙin mallaka ya je gare shi ko magadansa. A kunnena kuwa, muryar Jagger ta fi zama daram a wannan faifan, shi ya sa kyautar waƙa ta Grammy da faifan ya ci a 2018 ba ta ba ni mamaki ba.