Amsa ga ƙanenmu da mushrifi ya dawo wa da babi na biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ka yi tambaya jiya da daddare, ka ce mushrifinka, wato malamin da ke duba aikin bincikenka, ya dawo maka da babi na biyu ya rubuta a kai cewa duk insha'i ne, babu dalili, alhali kai ka cika shi da maganganun marubuta har ya kumbura, kana tambayar to me kuma ake nema. Wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya yi nauyi. Ka ce bahasinka, wato kundin bincikenka, a kan gudunmawar Hausawa ne a noman Jazira, babban aikin noman rani na ƙasar Sudan. Nawa a kan Maiurno, wani gari kusa da Sinnar a nan Sudan, na yi shi, don haka na san inda yake yi maka ciwo.

Kafin komai, kada ka ɗauka mutumin nan ya tsane ka. Mushrifin da zai zauna ya karanta ya ja maka jan biro tun yanzu, ka gode wa Allah da ya haɗa ka da shi. Ni nawa cewa ya yi in cire dalilan.

Na je Maiurno na zauna da dattawa bayan la'asar, ina naɗar muryarsu a waya, ina rubuta sunan garin da kakan kowannensu ya baro da hanyar da ya bi. Akwai wani tsoho, Allah ya jiƙansa, da ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka, ya kwance igiyarta a hankali, ya zaro takarda da ta yi ja saboda tsufa, an rubuta da ajami. Sunayen zangunan da mahaifinsa ya yada ne tun daga ƙasar Hausa har bakin kogi. Bai yarda na taɓa ta ba, shi ya riƙe ta da hannu biyu na ɗauki hoto. Duk wannan na sa shi a bahasin, kowace magana da mai ita da ranar da aka yi ta. Mushrifina ya duba kaurin takardun, ko buɗe tsakiya bai yi ba, ya ce ya yi tsawo, in cire "hikayoyin tsofaffin nan" in bar natija, wato sakamakon binciken, kawai. Na ce Duktur, su ne fa ƙashin bayan aikin. Ya ce tun ban zo duniya ba yake duba bahasi. To ɗalibi baƙo da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasa, ke rataye da takardar jami'a, me zai ce? Na cire.

Ranar munaƙasha, wato ranar kare bahasi, zauren ya cika. 'Yan uwa sun yi karo-karo sun sayo lemo da zoɓo, maiɗakina tana zaune a layin mata da goyo. Mai jarrabawa na waje ya buɗe wani shafi ya karanta jimlata da ƙarfi, inda na ce waɗanda suka fara zama a garin ba dangin sarauta ba ne kaɗai, akwai talakawa Hausawa da suka biyo su daga garuruwa dabam-dabam. Ya ɗago kai, ya cire tabarau, ya ce: "Wa ya gaya maka?" Na ce dattawan garin. Ya ce waɗanne? A wane shafi suke? Na juya na kalli mushrifina. Shayi yake juyawa da cokali, ko ɗagowa bai yi ba. Mutumin ya ci gaba, shafi bayan shafi, tambaya ɗaya yake maimaitawa, ni kuma ina tsaye gumi yana bin bayana, amsar kowace tambaya tana cikin jakata a ƙarƙashin tebur, cikin takardun da aka sa na cire. Ba wannan ne ma ya fi ƙona ni ba. Da aka ba mushrifin dama ya yi magana, sai ya gyara zama ya ce ai ya sha gaya wa ɗalibin nan ya kawo hujjojinsa. A gaban matata. A gaban yaran da nake koya wa nahawu a ɗakin kwana. Mai jarrabawar ban riƙe shi da komai ba, aikinsa ya yi, kuma tambayarsa daidai ce. Amma wancan, har yau in na tuna ƙarar cokalin nan a jikin kofi sai in ji abinci ya fita daga raina. Na yafe don Allah, mantawa ce dai ta gagara.

To bari in dawo kanka. Abin da nake zargi shi ne ka tara bayanai da yawa amma ba su ɗaure da maganar da kake son tabbatarwa ba. Kowane sakin layi da'awa ɗaya yake ɗauka, sauran jimlolin aikinsu su tallafe ta, kamar rumfa da dirkokinta: dirkar da aka kafa nesa da rumfar, komai ƙwarinta, ba ta ɗauke da komai.

Ga misali daga gonarka. A ce da'awarka ita ce buɗe aikin Jazira ya sa alhazai da yawa masu wucewa suka tsaya suka zama 'yan gari. Me zai riƙe wannan? An gama madatsar Sinnar a 1925, a shekarar aka fara ban ruwa sosai. Auduga tana son hannu da yawa a lokacin tsinka, cikin 'yan watanni, fiye da abin da mai hawasha, wato manomin da aka yanka wa gona a aikin, da iyalinsa za su iya. Alhajin ƙasa da ya biyo ta Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid yana isowa ne guzuri ya ƙare, dole ya yi ƙwadago kafin ya samu kuɗin tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Sannan ka kawo tsohon da ya gaya maka da bakinsa cewa babansa ya sauka da niyyar kaka ɗaya, a nan aka haife shi, a nan aka binne uban. Ka ga abu huɗu ke nan, kowanne yana amsa tambaya ɗaya: me ya tsayar da su? Kuma kada ka jera su ka gudu. Bayan kowanne ka faɗi da bakinka abin da ya nuna. Wannan jimlar ta haɗi ita ce yaranmu suke jin nauyin rubutawa, wai ai a fili yake. Mai karatu ba ya cikin kanka.

Yanzu a ce cikin wannan sakin layin ka kawo yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yo gabas da jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Gaskiya ne, babu mai musu, kuma na san daɗin rubuta shi, don ni ma jinina yana motsi in na zo wurin. Amma bai tallafi da'awarka ba. Hasali ma iyaka yake yi mata, tunda yana nuna akwai waɗanda suka zauna tun kafin madatsar, kuma hijira ce ta kawo su, ba auduga ba. Kada ka jefar da shi, ka ba shi nasa wurin, ka ce ga wani rukuni da dalilin zuwansu dabam ne. Mai jarrabawa yana ganin girman ɗalibin da ya kawo abin da ya saɓa masa da kansa kafin a kawo masa.

Wani abu kuma da zai iya kayar da kai: alƙaluma. Yawancin takardun da za ka samu "Fallata" suke cewa, kuma kai ka san a bakin mutanen nan sunan ya haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da wasunsu. In ka ɗauko adadin da aka bayar na Fallata ka rubuta shi a matsayin na Hausawa, ka ba mai jarrabawa wuƙa. Ka rubuta shi yadda yake, ka faɗi cewa Hausawa wani ɓangare ne a ciki. Ita ma kalmar "gudunmawa" da ke kan bahasinka ta yi faɗi. Masu hawasha kake nufi, ko 'yan ƙwadagon da ke zaune a kambo, wato sansanin ma'aikatan gona? Zamanin kamfanin Turawa kafin 1950, ko bayan hukumar Jazira ta gwamnati da ke garin Barakat ta karɓi aikin? In ba ka tsuke da'awar ba, babu dalilin da zai ishe ta.

Maganar marubutan da ka ce ka cika babin da su, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba hamishinsu, wato bayanan ƙasan shafi inda suke faɗin majiyarsu. Sau da yawa za ka tarar biyar ɗin nan duk daga mutum ɗaya suka kwaso, to shaida ɗaya gare ka, ba biyar ba. Mu da muka yi mustalahul hadisi bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ka nemi littafin Mark Duffield a kan Maiurno na 1981, shi ya zauna a garin, ba ji ya yi ba. Jami'ar Durham da ke Ingila kuma tana da taskar takardun Sudan na zamanin Turawa, wasu rahotannin suna intanet, za su rage maka zafi tunda zuwa Darul Wasa'iƙ, taskar takardun tarihi ta ƙasa da ke Khartum, ba abu ne mai sauƙi ba yanzu.

Don Allah kuma, ku duka nake wa wannan, ba shi kaɗai ba: duk abin da kuka naɗa ko kuka ɗauka hoto ku tura shi imel ɗinku a ranar. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 da kayan jikinmu muka bar Khartum. Littattafan da na rubuta hirarrakin nan da hannu suna cikin akwatin da na bari. Hoton takardar tsohon nan ya tsira ne kawai don na taɓa tura wa wani abokina a WhatsApp. Dattawan da na yi hira da su da yawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma mutanen Jazira da kake son tambaya yaƙi ya warwatsa su, wasu suna nan Gadarif tare da mu, wasu Kasala. In ka samu mai magana, ka rubuta sunansa da shekarunsa da wurin da ranar, ka nemi izininsa kafin ka sa sunan a bahasi, don lokacin nan ba kowa ke son a ambace shi ba.

In wata rana mushrifi ya ce ka cire wani abu, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta maka a jikin takardar ko a saƙo, ka adana. Abin da aka cire kuma ka mayar da shi mulhaƙ, wato rataye, a ƙarshen bahasin, ba a cika hana wannan ba. Ni babu wanda ya gaya min.

Ka turo sakin layi ɗaya daga babin nan cikin zauren, wanda ya fi shan jan biro, ka ja layi a ƙarƙashin jimlar da kake ganin ita ce da'awarka. Wuta ba ta zama a unguwarmu, amma duk lokacin da na samu caji zan duba in sha Allahu, kuma akwai malamai a nan da suka fi ni ido. Allah ya ba ka sa'a, ya zaunar da ƙasar nan lafiya.