Kwikwiyona ya kashe min kaji biyu, an ce in rataya masa mushen a wuya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na samo kwikwiyo don ya riƙa gadin kajina, saboda muzuru da tunku sun hana ni sakat. Yanzu watansa 6, amma cikin mako guda ya kashe min kaji biyu. Bai ci naman ba, fige su kawai ya yi. Wasu sun ce in ɗaura masa mushen a wuya har ya ruɓe, in haɗa masa da duka. Wasu kuma sun ce tunda ya ɗanɗana jini ya gama lalacewa. Hankalina a tashe yake. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ka kwantar da hankalinka, kwikwiyonka bai lalace ba. Tunda bai ci naman ba, wasa ne ya wuce gona da iri. Kaza ta firgita ta baza fukafukai ta ruga, shi kuma ya bi ta ya danne, yana lasa yana jan gashi, har tsoro da wahala suka kashe ta. Shekarun rawar kai yake ciki. Ko karnuka irin Maremma na Italiya da Kangal na Turkiyya, waɗanda aka daɗe ana kiwonsu musamman don gadin dabbobi, ba a barinsu da kaji ba mai sa ido sai sun kai wata 18 zuwa shekara 2.

Maganar rataya mushe kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo min da ita, kuma mai ba da shawarar bai taɓa horar da kare ko ɗaya ba. Kare yana danganta tsawa ne da abin da yake yi a daidai wannan lokacin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka dawo da yamma ka tarar da kaza a mace ka hau shi da duka, abin da ya fahimta kawai shi ne dawowarka gida bala'i ce. Kazar da ya kashe tun hantsi ba ta cikin lissafinsa. Sannan wa ya ce warin mushe na damun kare? Dabbar da take birgima a kan mushe da kanta!

An taɓa kawo min wani kare bayan ya kwana huɗu da kaza a wuya. Igiya ta ci fata, ƙudaje sun yi ƙwai a gyambon, tsutsa na motsi a ƙarƙashin gashi. Da na miƙa hannu zan taɓa shi, sai ya saki fitsari don tsoro. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ga kuma haɗarin da ba a gani: ruɓaɓɓen nama na iya haifar da gubar botulizim, kajin da suka tsattsagi tsutsar kuma sai wuyansu ya saki, jiki ya shanye, su mutu. Ka ga garin neman gira an rasa ido. Karen da aka saba duka kuma, ko ya zama matsoraci, ko wata rana ya ciji yaro. Dabbar nan amana ce a hannunka, ba ta da bakin kai ƙara.

Batun ɗanɗana jini ma camfi ne. Daɗin bin kaza a guje shi ke shiga ransa, kuma duk ranar da ya samu dama, ɗabi'ar na ƙara kama shi. Don haka daga yau ka raba su da shingen waya, ya riƙa ganinsu yana jin warinsu amma ba ya iya taɓawa. Sau biyu a rana, bayan ya ƙoshi ya yi guje-gujensa ya gaji, ka shigar da shi cikinsu da doguwar igiya na minti 10 zuwa 15. Ka lura da jikinsa. Da zarar ya ƙura wa kaza ido, ya sunkuyar da kai, ya sandare, nan take ka ce "Bari!" da murya mai ƙarfi, ka ja igiyar. In ya kau da kai ko ya kwanta, ka shafa shi ka yaba masa. Ka fara da manyan kaji masu natsuwa, 'yan tsaki su zo daga ƙarshe. Karen da muke nema shi ne wanda zai miƙe a inuwa kaza ta tsallake ƙafarsa bai ko ɗaga kai ba, haushinsa da warin fitsarinsa a gefen shinge su ke korar muzuru.

In jinin karnukan farauta ne a jikinsa, mai yiwuwa ka yi watanni ba canji. To sai ya yi gadinsa daga wajen shinge, hakan ma yana aiki. Kafin ya girma, ka riƙa kulle akurki da daddare. Allurar ciwon haukan kare kuma tun yana wata 3 ya kamata a yi masa. In ba a yi ba, ka kai shi wurin likitan dabbobi cikin makon nan.